Jirgi bakwai, suna ɗaya: kafin a canza allon wani titi a Damagaram



Tun watan Oktoba na 2024, da hukumomi suka sauke sunan Charles de Gaulle daga babban titin nan na Yamai suka ɗora na Djibo Bakary, maganar canza sunaye ba ta kwanta ba. A rana ɗaya aka cire hoton Monteil aka sa na Thomas Sankara, cibiyar al'adun da ke ɗauke da sunan Jean Rouch kuma ta koma ta Moustapha Alassane. Nan Damagaram ma, ko a fadar shayi ko a bakin kasuwar Dole, za ka ji ana cewa saura mu, akwai wurare da yawa da suka cancanci sunan namu na gida.

Mu ma muna tare da wannan ra'ayi. Sai dai akwai abin da ke damunmu, shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami yau maimakon makirfo. Fenti da allon ƙarfe ba su isa su raya suna ba. Suna yana rayuwa ne in an haɗa shi da labarinsa, aka kuma ɗora wa wani nauyin isar da labarin ga na baya. In ba a yi haka ba, shekara 20 nan gaba yaro zai wuce ta titin Djibo Bakary yadda ubansa ya riƙa wucewa ta titin de Gaulle, bai san ko wane ne ba, bai kuma damu ya sani ba.

Waɗanda suka fi kowa iya wannan aiki na raya suna a duniya su ne sojojin ruwa. Mun san wani zai yi dariya ya ce: Zinder da ko ruwan famfo sai an kwana a layi, ina ruwanta da jirgin teku? To, a yi mana haƙuri kaɗan. Ruwanmu ne ƙwarai, don sunan ƙasarmu ya yi shekara sama da 200 yana yawo a gaban jiragen yaƙin wasu, mu ba mu da labari.

Rundunar sojan ruwan Ingila ta yi jirage 7 masu suna Niger, ɗaya bayan ɗaya, dukkansu da sunan kogin nan da mu Hausawa ke ce wa Kwara, Zabarmawa su ce Isa, Bambarawa su ce Joliba.

Na farko an sa shi a ruwa a 1759. Jirgin katako ne mai tafiya da ƙarfin iska, da igwa sama da 30 a cikinsa. Ku lura da shekarar. Mungo Park, Baturen da ya fara kai wa mutanen Ingila labarin kogin da idonsa, sai a 1796 ya iso bakinsa a Segu. Inda kogin yake zuba a teku kuwa, sai a 1830 ƴan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi shi har ƙarshe suka tabbatar. Ke nan sun rubuta sunan a gaban jirgin yaƙi shekara 37 kafin mutuminsu ya ga ruwan da ake magana a kai. Da jirgin ya tsufa, a 1810 aka mai da shi kurkuku a kan ruwa. A 1813 aka karɓe sunan aka bai wa sabon jirgi, shi kuma tsohon aka laƙaba masa Negro, wato baƙar fata, kafin a sayar da shi. Wannan kaɗai ya isa a zauna a yi tunani.

Na biyun bai daɗe ba, a 1820 aka farfasa shi. Na uku, na 1846, shi ne mai dogon labari. Zamanin ne aka fara sa wa jirage injin tururi, ana gardama tsakanin masu son farfela a bayan jirgi da masu son manyan ƙafafun nan masu juyawa a gefe. A 1849 sai aka ɗaure Niger mai farfela da wani jirgi mai suna Basilisk mai ƙafafun gefe, baya da baya, kowa ya ja, kamar yadda yara ke jan igiya a filin lakwal. Niger ya janye abokin karawarsa. Bayan shekara 2, a watan Nuwamba na 1851, sojojin wannan jirgi suna cikin waɗanda suka kai hari Legas don tumɓuke Sarki Kosoko. Mutanen Kosoko suka kore su a karon farko, sai a ƙarshen Disamba Ingilishi suka dawo da ƙarfi suka ci garin suka naɗa Akitoye. Jirgi mai sunan kogin Afirka ya zo yaƙar garin Afirka. Daga nan ya tafi yaƙin Kirimiya a Bahar Aswad, a 1860 kuma ga shi can Niyu Zilan, sojojinsa na yaƙar mutanen Maori a kan ƙasar kakanninsu. A 1869 aka sayar da shi.

Na huɗu, na 1880, ko shekara 2 bai yi da sunan ba aka canza masa. Na biyar, na 1892, an mai da shi mai share nakiyoyin teku, kuma ranar 11 ga Nuwamba na 1914 wani jirgin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya nutsar da shi daf da gaɓar garin Deal, mutanen gari na tsaye bakin teku suna kallo. Na shida, na 1936, shi ma mai share nakiya ne, ƙarshensa kuma abin tausayi. Ranar 5 ga Yuli na 1942 yana jagorantar ayarin jiragen kaya da suka taso daga Rasha, cikin hazo, kusa da Aisilan, aka hango dutsen ƙanƙara aka ɗauka tudu ne. Kuskuren lissafin ya jefa ayarin cikin nakiyoyin da su Ingilishin da kansu suka dasa. Niger ya tashi, mafi yawan waɗanda ke cikinsa suka mutu, wasu jiragen kaya da ke biye da shi su ma suka nutse. Na bakwai an gina shi a 1945, aka farfasa shi a 1966. Ma'ana, ranar 3 ga Agusta na 1960 da muka karɓi ƴancin kai da sunan Nijar, akwai wani jirgin yaƙin Ingila da ya riga mu amsa sunan, yana nan da ransa.

Faransawa ma ba a bar su a baya ba, kuma nasu ya fi kusa da mu. A 1884 suka ɗauko wani ƙaramin jirgin igwa gunduwa-gunduwa, suka harhaɗa shi a Bamako, suka sa masa suna Niger. Shi ne Laftana Caron ya tuƙa a 1887 har mashigar Tumbutu. A 1896 ayarin Hourst ya gangaro kogin, ya yi watanni a Sayi, cikin ƙasarmu ta yau, kafin ya wuce teku. Taswirar da irin waɗannan jirage suka zana tana cikin abin da ya share wa mamaya hanya. Shekara 3 bayan Hourst, sojan Faransa suna ƙofar Zinder.

To, me ya sa sojan ruwa ke maimaita suna haka? Ba ƙarancin sunaye ba ne. A wajensu jirgi yana mutuwa, suna kuwa gado ne. A rundunar Ingila kowane jirgi yana da allon katako da aka sassaƙa sunayen yaƙe-yaƙen da duk jiragen da suka taɓa ɗaukar wannan suna suka yi. Sabon jirgi yana fitowa daga maƙera, ko harsashi ɗaya bai harba ba, ya gaji allon magabatansa. Yaron da aka ɗauka aiki jiya, in ya shiga jirgin, allon ne zai tarbe shi, a gaya masa: ka ga abin da masu wannan suna suka yi, kai ma ga abin da ake jira daga gare ka. Amurkawa sun yi jirage 8 masu suna Enterprise tun daga 1775, suna gina na 9. Sun ciro tagogi daga wanda ya yi yaƙin duniya na biyu suka sa a jikin wanda ya gaje shi, shi ma da ya yi ritaya aka narkar da wani ɓangare na ƙarfensa aka zuba a jikin sabon da ake ginawa. Haka ake riƙon suna: da hannu, da ƙarfe, da rubutu.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗauki wannan al'ada, kuma labarinsu ya fi namu kama da abin da ake yi yanzu a Yamai. Jirgin farko mai suna Nigeria na Ingila ne, babban jirgi na 1939, wanda Italiyawa suka yi wa rauni a hanyar Malta a 1942, daga baya aka sayar wa Indiya ya koma Mysore. A 1959 Ingila ta miƙa wa Najeriya wani tsohon jirgi mai suna Hare, wato zomo, ƴan Najeriya suka sa masa Nigeria. A 1965 suka sayo sabo fil daga Holan, suka sake ba shi sunan. Sun karɓo sunansu daga hannun wani, suka ɗora a kan abin da yake nasu. Daga baya suka shiga sa sunaye da harsunan gida. Babban jirginsu da ya fara aiki a 1982 sunansa Aradu. Akwai Damisa, akwai Kyanwa, akwai Kada da ya iso a 2022. Dorina kuwa sau biyu aka yi ta: ta farko ta zo daga Ingila a 1972, da ta gama zamaninta aka ajiye sunan, daga baya aka bai wa wani sabon jirgin sintiri. Hausarmu ce ke yawo a tekun Gine, mu nan muna zaune.

Yanzu mu dawo gida, don abin da muke yabon sojan ruwa a kai, kakanninmu sun san shi tun kafin a ƙera farfela. Mene ne takwara in ba wannan ba? Tsoho ya rasu, a haifi jika, a mayar da sunan. Uwa da uba ba za su iya kama sunan da baki ba saboda kunya, sai ka ji Abba, Baba, Babangida, ko Ummi, Inna, Uwani. Yaro na tasowa ana gaya masa: mai sunanka bai taɓa cin amana ba, mai sunanki ba ta taɓa barin baƙo ya kwana da yunwa ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce suna linzami. Linzami kuwa sai da mai riƙe da shi a hannu. In babu wanda zai gaya wa yaro ko wane ne mai sunansa, an sa linzami an saki doki.

A gidan sarautar Damagaram ma haka sunaye ke dawowa. An yi Tanimun fiye da ɗaya, an yi Sulaiman fiye da ɗaya, an yi Amadu biyu a jere. Sojan ruwa suna bambanta jiragensu da shekara ko lamba, mu kuma da laƙabi ko sunan uwa: Sulaiman ɗan Aisa, Amadu Kuran Daga, Amadu ɗan Bassa. Allonmu kuwa shi ne bakin makaɗa da maroƙan fada, waɗanda ke jero sarakuna ɗaya bayan ɗaya ranar hawan salla, kowa da kirarinsa.

Mu ɗauki Amadun nan biyu, don a nan ne za a ga amfanin riƙe labari. Amadu Kuran Daga ɗan Tanimun ya hau gado a 1893. Ya gwabza da Kano zamanin Sarki Alu. A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou da tafintansa a Zinder. A ƙarshen Yuli na 1899 ya tari sojan Faransa a Tirmini, ragowar ayarin nan na Voulet da Chanoine da ya bar gawarwaki da toka a hanyarsa tun daga bakin kogi. Bindigar zamani ta rinjayi dawaki, sarki ya fita daga gari, a watan Satumba aka cim masa aka kashe shi. Faransawa suka naɗa Amadu ɗan Bassa. Mai karatun sama-sama zai ce na farko jarumi, na biyu ɗan amshin shata. Amma a 1906 Faransawan da suka naɗa shi su ne suka zarge shi da ƙulla makircin tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodibuwa, aka bar Damagaram ba sarki mai cikakken iko har 1923. Suna ɗaya, zamani biyu, kowa da irin wutar da ya taka. In ba a faɗa wa yaro wannan ba, ya ji an ce Amadu, wanne zai ɗauka?

Muna da lise mai sunan Amadu Kuran Daga, wadda ta yaye manyan ma'aikatan ƙasar nan da yawa. Muna da jami'a mai sunan André Salifou, ɗan garin nan, wanda ya rubuta littafin tarihin Damagaram na ƙarni na 19, ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991, ya rasu a 2022. Barikin da Faransawa suka gina a kan dutse suka sa wa sunan Cazemajou, yau sunan Tanimun yake amsawa. Ashe ba yau muka fara mayar da suna ba, kuma an zaɓi sunayen da suka dace. Tambayar ita ce: ina allon? Ku gwada da daren nan bayan an ci tuwo, ku tambayi ƙanenku ko ɗiyarku abin da ya faru a Tirmini, da shekarar da ya faru. In sun amsa, ku sa musu albarka ku gode wa mushensu. In sun yi shiru, kada ku yi musu faɗa, don mu manyan da muka bi ta lakwal mun haddace ranar da aka fasa kurkukun Bastille tun kafin a koya mana ranar da aka ci garinmu.

Sai dai akwai inda ba za mu kwaikwayi sojan ruwa ba. Allonsu nasara kawai yake ƙirgawa. Ba a sassaƙa sunan mutanen garin da igwa ta faɗa wa, ba a rubuta gidajen da suka ƙone. Wanda ya karanta irin wannan allo zai fito yana ƙirji, bai san rabin labarin ba. In za mu yi namu, mu yi shi cikakke. Tanimun, wanda ya yi wajen shekara 30 yana mulki har rasuwarsa a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙeran garin nan sun ƙera igwa, ya mai da Zinder babban zangon ayarin da ke tafiya Tarabulus ta Agadas. Duk gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Gaskiya ne kuma cewa arzikin wancan zamani akwai hare-haren kamun bayi a cikinsa, kamar yadda yake a kusan duk daulolin yankin nan a lokacin. Baturen nan James Richardson da ya zauna Zinder a farkon 1851 ya rubuta abin da ya gani na wannan harka. Jikokin waɗanda aka kamo da jikokin waɗanda suka kamo su, yau aji ɗaya suke zaune, benci ɗaya. Faɗar wannan ba rashin ladabi ba ne ga fada, kuma ba ya rage wa Tanimun girma ko ƙwayar gero. Abin da ke rage wa mutum girma shi ne a mai da shi hoton bango, wanda ba ya kuskure ba ya numfashi. Yaran yanzu da waya a hannunsu, in muka ɓoye musu rabi za su samo shi a intanet daga bakin wanda ba ya ƙaunarmu, daga nan kuma ko gaskiya muka faɗa ba za su yarda ba.

Akwai masu cewa, kuma mun ji su: ana fama da tsadar buhun hatsi, da ruwan sha, da matasa ba aikin yi, ku kuna maganar allo. Maganarsu tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Suna ba ya cika tulu. Amma tunda dai an riga an ɗauko aikin canza sunaye, ana kashe kuɗin fenti da na biki, ai gara a yi shi yadda zai daɗe. Abin da muke nema bai kai kuɗin rumfunan bikin ba. Kuma duk wanda ya san garin nan ya san matashin da bai san ko shi wane ne ba, shi ne ya fi sauƙin saye, ko a hannun ɗan siyasa ko a hannun wanda ya fi ɗan siyasa sharri.

Akwai kuma masu cewa a goge tsohon suna kwata-kwata, kada ma a sake jin sa. Nan ma mun bambanta. Fort-Lamy ta koma Injamena a 1973, kuma daidai ne. Amma ɗan Chadin da bai san wane ne Lamy ba, ba zai san wane ne Rabe ba, ba zai san abin da ya faru a Kusiri a 1900 ba. Haka mu ma. Ka cire Cazemajou daga labari, ka cire dalilin da ya sa aka yi Tirmini. Sunan ba ya bisa ƙofa, madalla, amma ya zauna a cikin littafi da ƙasan allo, a rubuta: da ana kiran wurin nan kaza, saboda kaza, aka canza a shekara kaza. Sojan ruwa ba sa ɓoye cewa Mysore shi ne tsohon Nigeria, ko Nigeria shi ne tsohon Hare. Rajistarsu na riƙe da kowane suna da ranar da aka canza shi.

Saboda haka ga roƙonmu ga hukumomin birni, da majalisar mai martaba, da shugabannin makarantu, da masu unguwanni.

Na ɗaya, kada a ƙara ɗaga allon suna a titi, ko lakwal, ko asibiti, sai da layi biyar a ƙasansa: wane ne, yaushe ya rayu, me ya yi. A rubuta da Hausa, boko da ajami, sannan Faransanci. Tunda kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, to a fara ganin haka a bango. Dattijon da ya yi karatun allo shi ma yana da haƙƙin karanta sunan titin ƙofar gidansa.

Na biyu, duk makarantar da ke ɗauke da sunan mutum ta ware yini ɗaya a shekara na mai sunan. A gayyato malamin tarihi daga jami'a da maroƙin fada su zauna tabarma ɗaya, kowa ya kawo nasa, yara su yi tambaya. A buɗe littafi guda da za a riƙa rubuta abin da makarantar ta yi a kowace shekara, mai daɗi da marar daɗi, sabon darakta ya gaje shi daga tsoho kamar yadda sabon jirgi ke gadon allo.

Na uku, kada a sa sunan wanda ke kan kujera. A bari ya sauka, a bari ƙura ta lafa. Mun ga yadda ake yi a ƙasashe da dama: mulki ya juya, a aiko mai fenti da tsani. Sunan da aka sa don tsoro ko neman gindin zama, ranar da mai shi ya faɗi shi ma yake faɗuwa.

Na huɗu, a tambayi mutanen unguwa kafin a yanke. Suna a baki yake rayuwa. Ka tsayar da ɗan kabu-kabu ka ce ya kai ka Zango, ko Garin Malam, ko Kara-kara, ba zai tambaye ka hanya ba, alhali ba wani biki da aka yi na raɗa waɗannan sunaye da almakashi da kirtani. Sunan da mutane ba su ji a jikinsu ba zai zauna a takardar ofis, su kuma su ci gaba da cewa titin gidan wane. A kuma faɗaɗa zaɓin. Garin nan ba sarakuna da sojoji kawai suka gina shi ba. Akwai malaman da suka karantar da dubbai a zaure, akwai dukawa da majema da suka kai sunan Zinder har bakin Bahar Rum, akwai ungozomomin da rabin unguwa ta hannunsu ta zo duniya. Mata nawa ne ke da titi a garin nan? Ku ƙirga da kanku.

Na biyar namu ne, mu ma'aikatan rediyo. Muna da abin da sojan ruwa ba su da shi: muryarmu na shiga kowane gida, da na mai karatu da na wanda bai yi ba. Dattawan da suka ji labarin Tirmini daga bakin waɗanda iyayensu suka gani da ido suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kowace tasha a jihar nan ta ware ko minti 15 ne a mako, a ɗauki suna ɗaya, a je a zauna da masu shi, a naɗi muryarsu a ajiye. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta isa yin wannan aiki. Ku ma masu saurare, wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida, ya zauna da su yau ya tambaye su sunan wa ya ci, kuma wane irin mutum ne mai sunan.

Ingilishi sun riƙe sunan koginmu daga 1759 zuwa 1966, kuma har yau in ka nema za su gaya maka ranar da aka sa kowane jirgi a ruwa, da sunan kyaftin ɗinsa, da inda ya ƙare. Mu da muke da sunan a kan katin ɗan ƙasa, muke da Tanimun da Kuran Daga a ƙofar bariki da ta makaranta, bai kamata baƙo ya fi mu riƙon rajista ba. Kyan ɗa ya gaji ubansa, amma sai an nuna masa abin da uban ya bari.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yafe musu kurakuransu, ya zaunar da Damagaram da Nijar baki ɗaya lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.